Marinar Kakanmu da Tekun Rumawa

Wasu daga cikin 'yan uwa membobin wannan ƙungiya za su iya tunawa da wata Lahadi, shekarun baya, da muka miƙe a zauren taro muka karanta takarda a kan kalmomin da muka ce Turawa sun ara daga Hausa. Ranar mun sha tafi. Har wani dattijo daga cikinmu, Allah Ya jiƙansa, ya riƙe hannunmu a bakin ƙofa ya ce irin wannan bincike ake bukata daga matasa. Kalmar da ta fi jawo tafin nan ita ce "mariner" ta Faransanci, wato a jiƙa nama ko kifi cikin ruwan gishiri da tsami da kayan ƙamshi kafin a dafa, wadda muka dage kai da fata cewa daga marinarmu ta Hausa ta fito. To, yau mun dawo ne mu janye maganarmu. Ba haka ba ne. Mun kuma jima da sanin ba haka ba ne, nauyin baki ne kawai ya hana mu faɗa.

Kafin a yi mana dariya, a bari mu faɗi inda abin ya samo asali. Mu jikokin marina ne. Kakanmu na wajen uba marini ne a wani gari kudu da Kano, yana da karofi huɗu da ya gada, kuma mun tashi mun ga hannuwansa shuɗɗa har gwiwar hannu, shuɗin da ko wankan sallah ba ya fitar da shi. Mun san warin baba idan ya kwana biyu a rami tare da toka da katsi. Mun san yadda ake tsoma zane a ɗaga shi ya sha iska a sake tsomawa, tun yana kore-kore har ya yi duhu, sa'annan a kai wa masu bugu su fito da sheƙinsa. Saboda haka kalmar marina a kunnenmu ba ta da wata ma'ana sai wannan. Akwai ma wani ƙanen mahaifinmu da ke kai shanu Ikko, in ya dawo yana ba da labari ya ce ya shiga Marina, mu yara sai mu ɗauka can ma akwai karofi. Sai da muka girma muka gane titi ne a bakin ruwa cikin tsibirin Legas, mai dogayen benaye da bankuna, babu ko tukunyar baba.

Sa'ad da muke karatun malanta, ɓangaren Hausa da Faransanci, aka tura mu Ƙauyen Faransanci da ke Badagiri, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991 domin ɗalibai su zauna su ji harshen a kunne safe da yamma. Can muka fara ganin teku. Mutumin da aka haifa kusan kilomita 1,000 daga gaɓa, wanda babban ruwan da ya sani shi ne na Tiga, ba a tambayarsa yadda ya ji. Sai da muka dangwala yatsa muka ɗanɗana, don mu tabbatar da abin da ake faɗi na gishiri. A cikin makon nan ne wata malama da ke koya mana yadda ake ba da umarni ta ɗauko takardar girki, ta rubuta a allo, "faites mariner le poulet", ma'ana a jiƙa kazar cikin haɗi. Ta ce a jero aikatau ɗin a lokuta daban-daban. Da aka zo kan shuɗaɗɗen lokaci irin wanda ake rubuta labari da shi, sai ga "il marina" ɓaro-ɓaro a allo. Gabanmu ya faɗi. A tsoma abu cikin ruwan da aka haɗa, a bar shi ya ɗauki lokaci, a fito da shi ya sauya: ai wannan sana'ar kakanmu ce.

Daga nan muka shiga yi wa zato katanga. Mun karanta cewa Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851 ya ga rinannun tufafinta suna tafiya har Tumbuktu da Gat da Tarabulus. Daga Tarabulus kuwa tsallaken Bahar Rum ne kawai zuwa Italiya. Marinar Ƙofar Mata ana lissafa ta tun 1498. Muka ce ai kaya ne suka tafi da sunan gidansu. Da muka leƙa Italiyanci muka tarar "marini" yana nufin kana jiƙawa, "marina" kuma yana jiƙawa, sai muka ce magana ta ƙare, ga marini ga marina, me kuma ake nema?

Shekara da shekaru muna koyar da wannan. Duk malamin Faransanci a makarantunmu ya san wahalar tallan harshen ga yaran da ba su ga ranar da zai yi musu ba. Amma da zarar mun ce Faransawa sun ari kalma daga karofin Kano, sai ka ga mai gyangyaɗi ya gyara zama. Mu ma muna jin daɗin faɗi. A lokacin karofin kakanmu sun riga sun zama juji, rinin bature na gwangwani ya kashe kasuwar baba, kuma wani abu a ranmu yana son a ce ko ba komi sana'ar ta bar suna a bakin Turawa.

Akwai wata yarinya mai ƙoƙari ƙwarai da muka koyar daga aji huɗu zuwa shida, ta tafi jami'a ta karanci kimiyyar harshe. A shekararta ta biyu malaminsu ya nemi misalin aron kalma, ta ɗaga hannu ta ba da namu gaba gaɗi, har ta ƙara da cewa malaminta na sakandare ne ya gano. Ba ta taɓa ba mu labarin abin da ya biyo baya dalla-dalla ba. Abin da muka ji daga baya kawai shi ne, har ta gama jami'ar wasu 'yan ajinsu Marina suke kiran ta. Da aka yi hutu ta zo ta same mu a ɗakin malamai, ta durƙusa ta gaishe mu, ta tambayi iyali, sa'annan ta ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya, amma don Allah kada ka ga rashin kunyata."

Muka ce, "Faɗi mana, 'yata."

Ta ɗauki biro ta rubuta kalmar sau biyu a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa. Ta farko ta yanka ta haka, ma-rin-a. Ta biyu kuma haka, mar-in-a. Ta ce, "Malam, kai ka koya mana ɗafa-goshi a aji biyar. Ka ce in an cire ma daga makaranta, karanta ce za ta rage. To in an cire ma daga tamu, rina ta rage. In an cire daga tasu, me zai rage?"

Babu abin da zai rage, domin kuwa a tasu "mar" ɗin ita ce saiwar kanta, ita ce teku, tekun da muka ɗanɗana da yatsa a makon da muka fara jin kalmar. Mun daɗe muna kallon takardar. Abin da ya kamata mu ce shi ne ta yafe mana. Abin da muka ce shi ne, "Allah Ya yi miki albarka," muka tambaye ta yaya abincin makaranta.

Bayan tafiyarta ne muka zauna muka yi karatun da ya kamata mu yi tun farko, kuma shi muke so mu raba da 'yan uwa, domin ya fi tatsuniyar da muka ƙaga daɗi.

A harshen Latin na Rumawa teku "mare" ce, abin da ya danganci teku kuma "marinus", ruwan teku "aqua marina". Bahar Rum ɗin nan ma "mare nostrum" suke ce mata, wato tekunmu, saboda sun kewaye ta da mulki. Bayan daular Rum ta yamma ta faɗi a 476, Latin ɗin da ke bakin sojoji da manoma da 'yan kasuwa ya ci gaba da sauyawa a kowane yanki har ya haifi 'ya'ya: Italiyanci, Faransanci, Sifaniyanci, Fotugisanci, Kataloniyanci, Romaniyanci da wasu ƙanana. Kowannensu ya gaji teku. A Italiya da Romaniya "mare", a Faransa "mer", a Sifen da Fotugal da Kataloniya "mar". Shi kuwa aikatau ɗin ba gado ba ne daga tsohon Latin na littattafai. Daga baya aka gina shi a kan sifar nan ta teku, a bakin mutanen da ke adana kifi cikin ruwan gishiri tun ba a san firiji ba, masunta da matuƙan jiragen ruwa masu doguwar tafiya. Gishiri da tsami suna hana abu ruɓa, daɗin ɗanɗano ribar ƙafa ce da ta zo daga baya ta zama ita ce manufa. Sai ga shi Italiyawa na cewa "marinare", Faransawa "mariner", mutanen Sifen da Fotugal da Kataloniya "marinar", Romaniyawa kuma, waɗanda suka aro tasu daga Faransanci, "a marina". Ingilishi, da ba ɗan gidan ba, ya karɓa a ƙarni na 17. Marinar Ikko ta ƙanen mahaifinmu ma daga wannan tsatso take. Da mu ne muka yi abin da suka yi, da daga teku sai mu ce "tekunta", a tekunta kifin nan kafin gobe.

Wani abin sha'awa shi ne jinsi. Latin yana da jinsi uku, namiji da mace da wanda ba ko ɗaya ba, kuma teku a na ukun take. Da galibin 'ya'yan suka zubar da jinsi na uku sai kowa ya yanke wa teku hukunci. Italiya da Fotugal suka ce namiji ne, Faransa da Romaniya suka ce mace ce. A Sifen kuwa mutumin tudu yana cewa "el mar", namiji, amma masunta da mawaƙa sukan ce "la mar", mace. Ba mu da bakin yi musu dariya, don mu ma wani ya ce teku ta cika, wani ya ce ya cika.

Sai kuma gidan da aikatau ɗin ya sauka. Latin ya raba aikatau gida huɗu bisa ga ƙarshensu, kuma gida na farko, mai ƙarewa da "-are", shi ne mai buɗaɗɗiyar ƙofa, nan ake sauke baƙo. A Italiyanci ya zauna "-are", a Sifaniyanci da Fotugisanci ya zama "-ar", a Faransanci ya lanƙwashe ya koma "-er", inda kusan tara cikin goma na aikatau ɗin harshen suke. Har gobe nan ake sauke sabo. Da kwamfuta ta zo aka bukaci kalmar latsawa, sai Italiyawa suka ce "cliccare", Faransawa "cliquer", mutanen Fotugal "clicar". Mu ma muna da hanyoyinmu na mayar da suna aikatau, daga tsoro mu ce tsorata, daga ƙarfi mu ce ƙarfafa, har baƙuwar kalma irin canji mun ba ta canza. Sai dai galibi ba ma wahalar da kanmu, "yi" muke aikowa ya ɗauki baƙon a kafaɗa: yi waya, yi fenti, yi faci.

Inda muka fi jin kunya shi ne da muka jero aikatau ɗin Italiyanci gaba ɗaya: marino, marini, marina, mariniamo, marinate, marinano. Wato ina jiƙawa, kana jiƙawa, yana jiƙawa, muna, kuna, suna. Su a ƙeya suke maƙala mai aikin, mu a goshi. Saboda haka wasalin ƙarshe na "marini" ɗinsu shi ne kai, na "marina" kuma shi ko ita. A namu kuwa wasalin ƙarshen marini yana nuna tilo namiji ne, na marina kuma jam'i ko wuri. Biyu muka tsinta daga cikin shida muka rufe ido ga sauran huɗu, don ba su yi kama da gidanmu ba. Tun da ƙeyar ta wadatar, Ba'italiye da mutumin Sifen ba su damu da furta wakilin suna ba. Bafaranshe kuwa ya cinye ƙarshen kalmominsa, "marine" da "marines" da "marinent" duk abu ɗaya kunne ke ji, shi ya sa dole ya sa "je" ko "tu" ko "ils" a gaba. Ta nan Faransanci ya ɗan matso kusa da Hausa, inda na jiƙa, ka jiƙa, sun jiƙa duk a gaba ake gane mai aiki.

Wannan cinye ƙarshen kalma shi ne ke ƙarar mana da jan biro a makaranta. Mai karatu ya dubi waɗannan: mariner, marinez, mariné, marinée, marinés, marinées. Rubutu shida, furuci ɗaya tak. Yaro a darasin shifta ba shi da abin kamawa sai nahawu, sai ya tsaya ya tambayi kansa, abin da aka jiƙa namiji ne ko mace, ɗaya ne ko da yawa. A Italiyanci kunne yana taimako: "pesce marinato" na kifi, namiji, "carne marinata" ta nama, wanda a wurinsu mace ne, "alici marinate" na wasu ƙananan kifaye, jam'in mata. In muna so yara su gane wannan yanzu, rinanne da rinanniya da rinannu muke rubuta musu, su ga ba wani sabon abu ba ne. Bambancin kawai mu in an kai jam'i mukan sallami jinsi, su kuwa suna riƙe da shi.

A nan ne muka fahimci abin da ake kira hujja a wannan fage. Ƙarshen "-atus" na Latin yakan zama "-ato" a Italiya, "-ado" a Sifen da Fotugal, "-é" a Faransa. Marinato, marinado, mariné. Ɗauki aikatau ɗin waƙa, cantato, cantado, chanté. Ɗauki na so, amato, amado, aimé. Ɗaruruwan kalmomi suna bin layi ɗaya ba tare da an yi musu tsawa ba. Dangantakar harsuna ke nan. Mu kuwa kalma ɗaya tilo muka riƙe. In da fatake ne suka kai marina Italiya, ina suka bar majema, alhali jar fatar ƙasar Hausa ma ta bi wannan hanya? Ina masaƙa? Bugu da ƙari, mutanen nan suna da tasu kalmar ta rini tun zamanin Rumawa, "tingere", wadda ta ba Faransanci "teindre" ta ba Sifaniyanci "teñir". Da muka duba asalin ma'anarta a Latin sai muka ga jiƙawa ce da tsomawa. Ashe dai sun haɗa jiƙo da rini kamar yadda zuciyarmu ta raya mana, amma a wata kalma dabam da ba ta yi kama da komi namu ba.

Ita ma marinar tamu ba marainiya ba ce. Daga rina ake samun marini da mariniya da marina, masu aikin, da kuma marina, wurin aikin. A rubutu biyun ƙarshen ɗaya ne, karin sauti ne ke raba su: ta wuri duk gaɓoɓinta a sama suke, ta mutane kuwa gaɓar tsakiya takan sauka. Haka mahauta inda ake yanka da mahauta masu yankan. Wannan "ma" ɗin yana da dangi na haƙiƙa, sai dai ta gabas suke. Shi ne wanda ke cikin "madrasa" da "maktab" na Larabci, wurin darasi da wurin rubutu, domin Hausa tana cikin harsunan Cadi, su kuma reshe ne na babban dangin Afro-Asiya da Larabci ke ciki. Mun je neman ɗan uwa a Turai alhali yana kan allon da muka wanke tun muna yara.

Akwai ma inda muke haɗuwa da 'ya'yan Latin da gaske, kuma abin mamaki a tukunya ne. A Sifen da Fotugal akwai wani salon jiƙa soyayyen kifi ko nama cikin ruwan khal da ake kira "escabeche", a Kataloniya "escabetx", a kudancin Italiya "scapece", a Faransa "escabèche". Asalinta "sikbaj" ce, wani dafin nama da khal da Larabawa suka koya daga Farisa, wanda yake cikin littafin girkin da Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tara a Bagadaza a ƙarni na 10. Ta shiga bakin mutanen Sifen a zamanin Andalus, tsakanin 711 da 1492. Wa zai dubi sikbaj ya dubi scapece ya ce uwa da 'ya ne? Amma su ne. Ta wannan ƙofa ce "alcalde", magajin gari a Sifaniyanci, ya zama ɗan uwan alƙalinmu, "aceituna" ta zama 'yar uwar zaitun, "azúcar" kuma sukari. Ba su ara daga gare mu ba, ba mu ara daga gare su ba, kanti ɗaya muka ci bashi. Da wannan muka karanta a zauren taro ranar nan, da wataƙila tafin bai kai haka ba, amma da babu yarinyar da za a laƙaba wa suna.

Yanzu abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda ƙasa ke ba harshe abin magana. Mutanen Bahar Rum suna da ruwan gishiri a ƙofar gida kyauta. Kakanninmu kuwa gishirinsu a kan raƙumi yake zuwa daga Bilma, kantu-kantu, bayan ayarin Buzaye ya ƙetare sahara, ba abin da za a narkar a kwarya a jiƙa kifi ba ne. Abin da muke da shi kyauta rana ce. Saboda haka muka zama mutanen shanya: kuɓewa, tumatir, kuka, nama. Kilishi ma sai an shanya shi ya bushe kafin a tsoma shi a labu, a sake shanyawa, sa'annan a nuna masa wuta. To, Bafaranshe in yana so ya ce an bar mutum yana ta jira cikin damuwa, sai ya ce "on l'a laissé mariner", an bar shi a jiƙe. Bahaushe a wannan hali me yake cewa? Ya shanya ni. Ofis ɗaya, benci ɗaya, jira ɗaya, amma shi a ruwa aka bar shi, mu a rana.

Italiyawa sun ƙara nasu da ya shafe mu kai tsaye, mu malaman makaranta. Yaron da ya fito daga gida da jaka ya zarce gidan kallon ƙwallo, a can sai a ce "ha marinato la scuola", ya jiƙa makaranta. Masu bayani sukan ce wai ya sa ta a ruwan gishiri ne ya ajiye don kada ta lalace kafin ya waiwaye ta. Sai wani jiƙon ke nan, kamar yadda masu shirin rediyo ke sallama. Muna da irin waɗannan masu jiƙo akalla biyar a kowane aji, musamman ranar kasuwa.

Wannan ya kawo mu ga 'yan uwa masu rubuta littattafan labari, musamman mata, waɗanda ke yawan shigar da mu kicin. Sau da yawa mukan karanta cewa amarya ta yi "marinating" ɗin kaza, kamar Hausa ba ta da bakin faɗin haka. Mun taɓa zama muna auna kalmomin da ke akwai. Jiƙa ta yi ruwa da yawa, ta fi dacewa da gero da wanki. Tsoma ta yi sauri, a sa a cire ne. Tsima, ko tsuma a bakin wasu, tana da haƙurin da ake nema, ko da yake a tsimin magani ƙarfin yana fita ne daga sassaƙe ya shiga ruwa, a nan kuwa daga ruwa yake shiga nama. In da ta wannan fuska za a bi, rina ce ta fi kusa, ga abin haushi. Amma matan gida sun riga masu ƙamus yanke hukunci. Mun ji maiɗakinmu tana ce wa 'yarmu ta shafe kazar da tafarnuwa da citta da masoro da lemon tsami, ta rufe ta bar ta ta tsumu. Shi ke nan. Har ma ta warware abin da Faransanci ke yi da kewaye. Su aikatau ɗaya ne, nama yana "marine" da kansa, in kuma kai ne mai sa shi sai ka ƙaro "faire" a gaba, kamar a jimlar malamar Badagiri. Mu wasali ɗaya muke juyawa, ta tsuma shi, ya tsumu, wanda yake aji na bakwai a rabon da F. W. Parsons ya yi wa aikatau ɗin Hausa a 1960. A ganinmu wanda ya rubuta tsumammiyar kaza bai bar komi a baya ba.

Ranar da muka fara warware maganar a gaban aji, mun yanka kalmar gida biyu a allo kamar yadda aka yanka mana, muka ce abin da yayyenku suka ji daga bakinmu kuskure ne, wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya gaya masa. Ajin ya yi tsit. Can wani yaro a baya, ɗaya daga cikin masu jiƙa makaranta da Allah Ya kawo ranar, ya ce, "To Malam, mu babu abin da suka ara a wajenmu ke nan?" Muka ce akwai suya, wadda ta shiga babban ƙamusun Oxford na Ingilishi cikin jerin kalmomin Nijeriya da aka bayyana a farkon 2025, kuma masu Faransanci a Kamaru suna cewa "soya". Ya ce ai abin da suke kira suya tsire ne, tsire kuwa gashi ne ba suya ba. Muka ce haka ne, ya je ya kai ƙara.

Sauran kalmomin da ke cikin waccan takarda tamu, muna roƙon duk wanda ya ajiye kofi kada ya kafa hujja da ko ɗaya. Ita kuwa ɗalibar tamu yanzu malama ce. Mun aika mata da wannan rubutu kafin mu kai wa edita, tare da kalmar da muka kasa faɗi a ɗakin malamai. Ta dawo mana da shi da gyara uku, biyu na ƙugiya, ɗaya na shekara. A ƙasa ta rubuta cewa sunan Marina ya bi ta har gidan miji, ƙannen mijin ma da shi suke kiran ta, kuma ta daina jin haushinsa.